Fiyano, Murya, Ƙa'idojin Kiɗa ko Tsara Waƙa: Wane Malami Ya Kamata Ka Fara Ɗauka?

Wanda ya yi niyyar ɗaukar malamin kiɗa, ko don kansa ko don ɗansa, yakan tarar malamin ya jero abubuwa huɗu a tallarsa: fiyano, horar da murya, ƙa'idojin kiɗa, da tsara waƙa. Aljihu kuwa ba kasafai yake ɗaukar fiye da ɗaya a lokaci guda ba. Shi ma malamin, ko da ya rubuta huɗun duka a katinsa, da wuya ka same shi ya ƙware a fiye da biyu. Saboda haka sai ka san abin da ka je saye kafin ka zauna ciniki.

Ma'auni huɗu

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin darasi kaɗai ba. Akwai kayan da za ka saya, kuɗin motar malami idan shi zai zo gida, da wutar da za ta kunna kayan. Farashin kayan kiɗa yana bin dala, don haka kwatancen nan na wanne ya fi wanne tsada ne, adadin naira kuma ka tambaya ranar da za ka saya. Na biyu ɗorewa: idan ka daina biyan malami, me zai saura a hannunka bayan shekara biyu? Na uku sauƙi, wato sauƙin samun malami nagari a garinku da tsawon lokacin da za ka ɗauka kafin ka ga amfanin kuɗinka. Na huɗu haɗari, na lafiya, na asarar kuɗi, da na faɗawa hannun wanda bai iya ba.

Fiyano

A nan zan fi daɗewa, domin nan yawancin masu koyo suke kashe kuɗinsu, nan kuma aka fi yaudarar mutane.

Fiyanon gaske na katako yana da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, a cikinsa kuma akwai wayoyi fiye da ɗari biyu da aka ɗaure tamau. Ga mazaunin Kano, Katsina, Sakkwato ko Damagaram, ban ba da shawarar sayen irin wannan ba sai mai hali sosai. Katako yana shan danshi da damina, ya bushe ƙarau da hunturu, wannan kai-komo kuwa yana sassauta sautin wayoyin. Ana son a saita shi sau ɗaya ko biyu a shekara, masu wannan aikin kuma ba su da yawa a Arewa. Abin da yawancin masu koyo suke saya shi ne kibod mai aiki da wuta, kuma iri biyu ne. Akwai mai madannai 61, irin jerin PSR na Yamaha ko ƙananan Casio. Ya fi araha, ba shi da nauyi, wasu ƙananan ma suna aiki da batir shida idan an ɗauke wuta. Akwai kuma mai madannai 88 masu nauyi kamar na fiyanon gaske, irin Yamaha P-45, wanda ya fi tsada ƙwarai.

Mai farawa, 61 ya ishe shi shekarar farko, amma da sharaɗi guda: ya zama mai jin ƙarfin yatsa. Gwajin ba wuya. A shagon ka danna madanni ɗaya a hankali, ka sake danna shi da ƙarfi. Idan sautin bai sauya ba, ka ajiye shi, abin wasan yara ne. In na hannu za ka saya, ka bi madannan ɗaya bayan ɗaya tun daga hagu har dama, domin ƙura ce babbar cutar kibod a ƙasarmu, takan shiga ƙarƙashin robar madanni ta kashe shi ko ta sa ya riƙa tsawa. Kyalle mai kauri na rufewa da na'urar daidaita wuta sun fi gyara araha.

Kuɗin darasi matsakaici ne. Yaro minti talatin a mako ya ishe shi, babba minti arba'in da biyar zuwa awa guda. Amma darasin ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne minti ashirin ko talatin na bita kowace rana a gida, kuma wannan ne dalilin da ya sa biyan malamin fiyano ba tare da kibod a ɗaki ba asara ce tsagwaronta. Yaron da yake taɓa fiyano ranar Asabar kaɗai, duk Asabar daga farko zai soma.

Wajen ɗorewa babu kamarsa cikin huɗun. Yatsu sukan yi nauyi idan an daɗe ba a taɓa ba, amma makonni kaɗan suke dawowa. Abin da ya fi wannan, fiyano yana shimfiɗa maka sautuka a gaban idonka, na ƙasa a hagu na sama a dama, ka ga tazarar da ke tsakaninsu da ido. Mai koyon fiyano a hannun malamin kirki yana kwasar rabin ƙa'idojin kiɗa ba tare da ya biya kuɗinsu daban ba.

Malamai kuma ana samu. A Jos, Kaduna, Abuja, Zariya da Sabon Garin Kano, da yawan masu koyarwa a coci suka taso, inda ake buƙatar mai kibod kowace Lahadi. A cikin birnin Kano da makamantansa kuma akwai makaɗan situdiyo, waɗanda suke kiɗa wa mawaƙan fim da na biki. Kowane ɓangare yana da gwanaye, yana kuma da 'yan koyo masu kiran kansu malamai.

Haɗarin yana cikin maɓallai biyu da ke jikin kibod. Ɗaya shi ne na kiɗan da ya zo a cikin na'urar: ka danna, ganga da bes (sauti mai kauri na ƙasa) su tashi da kansu, kai kuma ka riƙa sauya kod, wato sautuka uku ko fiye da ake kaɗawa tare, da yatsa ɗaya na hagu. Ɗaya kuma shi ne mai ɗaga ko sauke ki, wato matakin sautin da aka ɗora waƙa a kai, wanda yake ba mutum damar kaɗa kowace waƙa a ki guda tilo da ya haddace, na'ura ta yi masa sauran. Akwai waɗanda suka shekara goma suna cin abinci da waɗannan maɓallai biyu, kuma ba laifi ba ne, sana'a ce. Amma wanda iyakarsa ke nan ba zai koya maka fiyano ba, zai koya maka na'urar ne. Kafin ka biya ko sisi, ka ce masa: "Malam, don Allah a kashe kiɗan na'urar, a kaɗa mana waƙa ɗaya da hannu biyu, sannan a maimaita ta a wani ki daban ba tare da an taɓa maɓallin nan ba." Wanda ya iya zai yi murmushi ya kaɗa. Wanda bai iya ba zai fara yi maka bayani.

Murya

Ita ce mafi arahar kaya, tunda da kayanka aka haife ka. Kuɗin malami kusan ɗaya ne da na fiyano, wani lokaci ya ɗara, saboda ƙwararrun masu horar da murya sun fi ƙaranci. Duk wanda ya iya waƙa yana ganin zai iya koyar da ita, alhali mai zaƙin murya sau da yawa bai san yadda yake yi ba, baiwa ce kawai.

Malamin gaske da numfashi zai fara. Zai sa ka ɗora hannu a ciki ka ja iska har ka ji cikin ya buɗe ba kafaɗu sun ɗaga ba, ya sa ka riƙa guna da baki a rufe, ka karkaɗa leɓɓa kana hawa da sauka, duk kafin a rera baiti ɗaya. Zai danna sauti a kibod ya ce ka kama shi, don ya gane inda muryarka ta fara da inda ta tsaya, ya zaɓa maka ki da ya dace da kai. Mawaƙa da yawa da suke shaƙewa a tsakiyar biki ba rashin murya ke damunsu ba, a ki ɗin wani suke waƙa.

A nan aka fi saurin ganin sakamako. Wanda dama yana waƙa, cikin wata biyu ko uku zai ji numfashinsa ya ƙara tsawo, ya daina fita daga ki a ƙarshen ɗango. Sai dai murya tsoka ce, in an bar atisaye takan koma gidan jiya, kuma shekaru suna sauya ta. Yaro namiji da ke tsakanin shekara sha biyu zuwa sha biyar, lokacin da muryarsa take fashewa, bai kamata a matsa masa da hawa sama ba. Gara a ba shi fiyano a wannan tsakanin.

Haɗarinta ya fi na sauran, domin jiki ne. Kibod in ya lalace a sayi wani. Malamin da yake cewa "ƙara ƙarfi, buɗe maƙogwaro" har ka tashi darasi da zafin wuya, ka rabu da shi. Tilasta murya yana iya haifar da 'yan ƙulle-ƙulle a jikin tantanin da ke fitar da sauti, wani lokaci sai an daɗe ana jinya. Dishewar da ta wuce mako biyu zuwa uku ta likitan kunne, hanci da maƙogwaro ce, ba ta citta da kanumfari ba. Zuma da ɗanyen ƙwai da ake ba mawaƙa ma, hanyar abinci suke bi, ba sa taɓa inda sautin yake fita. Ruwa isasshe, barci, da rufe hanci daga ƙurar hunturu sun fi su aiki.

Akwai kuma batun salo. Malamin da ya taso a mawaƙan coci masu murya huɗu, ko wanda ya koyi waƙar Turai ta gargajiya, zai iya gyara maka numfashi sarai, amma idan ba a yi hattara ba zai zagaye maka wasula har Hausarka ta koma kamar ta baƙo. Ka gaya masa tun ranar farko irin waƙar da kake so ka yi. Wani alherin darasin murya shi ne ya dace da gidajen da ba su yarda da kayan kiɗa ba. Masu bege, 'yan Islamiyya masu waƙe, da masu rera rubutacciyar waƙa duk suna buƙatar numfashi da tsayuwar sauti, kuma ana iya koya musu ba tare da an kunna komai ba.

Ƙa'idojin kiɗa

Wannan shi ne karatu da rubutun kiɗa: sunayen sautuka, tsawon kowanne, yadda ake gina sikel (jerin sautuka masu hawa bi da bi) da kod, da yadda ake karanta alamomin da ke kan layuka biyar. Littafi, fensir da takarda mai layi sun wadatar. Ana iya haɗuwa mutum huɗu ko biyar a biya malami ɗaya, ana kuma iya yi ta waya, ka ɗauki hoton aikinka ka tura ta WhatsApp a gyara. Shi ne mafi araha, kuma abin da ka fahimta ya zauna ke nan.

Ka tambayi wane rubutu malamin yake koyarwa. Solfa, wato do, re, mi, ita ta fi yaɗuwa a coci-cocin Najeriya, tana da saurin kamawa, tana kuma gyara kunne. Rubutun layi biyar ya fi wuya amma shi duniya take amfani da shi, shi ake jarrabawa da shi. Tsofaffin 'yan badujalar soja da na 'yan sanda sukan iya shi sosai, tunda da takarda a gaba suke busa.

Maganar jarrabawa a nan take da nauyi. Hukumar jarrabawar kiɗa ta ABRSM da ke Landan, wadda aka kafa a 1889, tana da matakai takwas, kuma ba ta barin ɗalibi ya zauna jarrabawar kaɗawa ta mataki na 6 zuwa na 8 sai ya ci mataki na 5 na ƙa'idoji ko makamancinsa. A gida kuma akwai MUSON da ke Onikan a Legas, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya da aka kafa a 1983, ita ma tana da nata jarrabawar mataki-mataki. Wanda yake hangen karatun kiɗa a jami'a ko koyarwa a makarantar kuɗi, zai amfana ƙwarai idan ya bi ta nan.

Amma a ganina kuskure ne mai farawa ya sayi wannan darasi shi kaɗai. Ƙa'ida ba tare da sauti a kunne ba lissafi ce kawai, yaro zai gundura cikin wata guda. Sannan ka san iyakarta: an gina ta ne a kan sautuka goma sha biyu na kiɗan Turai. Lanƙwasar goge da maganar kalangu ba sa shiga layukan nan yadda suke.

Tsara waƙa

Abu biyu ake kira da wannan suna, kuma ba su yi kama ba. Akwai malamin takarda, mai koya maka yadda za ka ɗauki karin waƙa ka raba shi murya huɗu, ko ka rubuta wa fiyano. Kayan aikinsa fensir ne, ko manhajar MuseScore wadda kyauta ce. Akwai kuma na situdiyo, mai koya maka haɗa kiɗa a kwamfuta da FL Studio ko Cubase, ɗora ganga, bes da fiyano, ɗaukar murya da tace ta. Yawancin matasanmu na biyun suke nufi.

Shi ne mafi tsada. Kwamfuta mai ƙarfi, abin sauraro na kunne mai kyau, makirufo, na'urar shigar da sauti, ƙaramin kibod, ga kuma wuta, domin aikin awa uku yana iya tafiya da ɗaukewar wuta ɗaya. Manhaja kuma tana sauyawa, abin da ka haddace na "danna nan, ja can" yakan tsufa. Abin da ba ya tsufa shi ne sanin yadda ake gina amshi mai kama zuciya, inda za a sassauta kiɗa don baiti ya fito, da kod ɗin da zai bi wane.

Ga mai waƙar Hausa akwai abin da malami na nesa ba zai ba shi ba, komai ƙwarewarsa. Harshenmu yana da karin sauti da dogon wasali da gajere, kuma karin waƙa dole ya girmama su. Ka ja gaɓar farko ta "gari" inda bai kamata ba, ka mai da birni abin tuwo. Haka ma amsa-amo da daidaiton ɗango, ko ƙwar biyu kake yi ko ƙwar biyar. Wannan sai mai jin Hausa a ƙashinsa. Abin lura kuma, karin waƙoƙinmu da yawa a kan sautuka biyar suke tafiya, shi ya sa mai lalube a kan baƙaƙen madannai kaɗai yakan ji wani abu kamar na gida yana fitowa.

Haɗarinsa na mu'amala ne. Tsarin "zauna a situdiyo ka koya" ya gaji tsarin makaɗan zamanin da, inda yaro yake shekaru yana amshi kafin ya zama kansa, kuma yana fitar da gwanaye. Amma yana iya zama shekara biyu na sayo mai a janareto da kai wa oga abinci, ba ka taɓa kwamfuta ba sai ya fita. Ku yi magana a fili: kwana nawa a mako, awa nawa kai ne a kan kujera. Sannan duk karin da ka kawo, a rubuta na wane ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare waƙa da kiɗa, amma wanda ba shi da shaida wahala zai sha. Tura wa kanka rikodin ta imel kafin ka rera wa kowa ba ya cin ko kwabo. Mai niyyar fitar da waƙa a Kano kuma ya san da zaman Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, wadda harkar mawaƙa take ƙarƙashinta.

Ga su a jere

| Darasi | Kuɗin kaya | Kuɗin malami | Ɗorewa | Samun malami | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Fiyano | Mai yawa, sau ɗaya | Matsakaici | Sosai | Da sauƙi a manyan birane | Malamin maɓalli, rashin bita |
| Murya | Kusan babu | Matsakaici zuwa sama | Sai da atisaye | Nagari yana wuya | Lahanta maƙogwaro |
| Ƙa'idoji | Kaɗan ƙwarai | Ƙasa, ana iya haɗaka | Sosai | Da sauƙi, har ta waya | Gundura, ilimin takarda |
| Tsara waƙa | Mafi yawa | Sama | Rabi da rabi | Ya danganta da gari | Zama ɗan aike, rasa haƙƙi |

A gida, a wurin malami, ko ta intanet?

Malami mai zuwa gida ya fi tsada saboda kuɗin mota, amma ya fi dacewa da yara da matan aure. A yi darasin a falo, ƙofa a buɗe, wani babba yana kusa, ko malamin namiji ne ko mace, ko a wace unguwa ya fito. Malamin kirki ba ya jin haushin wannan. Zuwa wurin malami ya fi araha, sau da yawa kuma kayansa sun fi naka. Darasin bidiyo kai tsaye yana yi wa ƙa'idoji da tsara waƙa kyau, amma jinkirin sauti ba ya barin ku kaɗa ko ku rera tare, malamin kuma ba zai iya kama wuyan hannun yaro ya gyara ba. Kowanne ka zaɓa, ka biya na wata ɗaya tukuna, kada ka biya na zango gaba ɗaya, ku kuma yanke tun farko abin da zai faru da darasin da ɗayanku ya fasa.

Wa ya dace da wanne

Yaro ɗan shekara shida zuwa goma sha biyu, fiyano, da malamin da zai saƙa masa karatun layi biyar a cikin darasin. Idan babu halin sayen kibod bana, a jira baɗi, ya fi a fara a yi ta tafiyar hawainiya.

Wanda dama yana waƙa a biki, a coci ko a majalisi, ya ɗauki malamin murya na wata uku zuwa shida, ya karɓi atisayen da zai riƙa yi shi kaɗai, sannan ya juya kuɗin zuwa fiyano don ya riƙa samo ki ɗinsa da kansa.

Gidan da ba a son kayan kiɗa, murya tare da solfa.

Mai son zama makaɗin situdiyo, kada ya fara da kwamfuta. Shekara guda a fiyano da hannu biyu, sannan situdiyo. Wanda ya shiga da kod a yatsunsa wata kaɗan yake buƙata ya gane manhaja, ogan ma ba zai aike shi sayen mai ba, tunda yana da amfani a kan kujera.

Mai neman takardar shaida, fiyano ko murya haɗe da ƙa'idoji tun daga mataki na farko, a hannun malamin da ya taɓa kai ɗalibai jarrabawar ABRSM ko MUSON, kuma ka nemi ganin takardar da shi kansa ya ci.

Babba mai aiki wanda kawai yake son abin da zai huta da shi bayan la'asar, kibod mai madannai 61, abin sauraro na kunne don kada ya dami maƙwabta, da darasi ɗaya duk mako biyu.